Gejin waidban

Gejin waidban na'ura ce da ake ɗaura wa mota domin ta nuna yadda iska da mai suka haɗu a cikin inji, wato ko man ya yi yawa a haɗin ko ya yi kaɗan. Sunan daga Turanci aka aro shi, ma'anarsa kuwa "mai faɗin zango", domin yana karanta haɗin tun daga inda mai ya yi yawa ƙwarai har zuwa iska zalla. Na'urar kashi uku ce: sensa da ake ɗaurawa a jikin bututun salansa, ƙaramin akwatin lantarki mai sarrafa sensar, da fuskar gejin da direba ko makanike ke kallo. An fi amfani da shi a motocin da aka sake wa saiti don ƙarin ƙarfi, da waɗanda aka ƙara wa turbo, da kuma waɗanda aka mayar masu amfani da iskar gas.

Idan sensar sabuwa ce kuma an ɗaura ta yadda ya kamata, kuskurenta ɗan kaɗan ne. Yawancin lambobin ƙarya da ake gani ba daga masana'anta suke fitowa ba. Suna fitowa ne daga wurin da aka ɗaura ta, da yoyon salansa, da zafi, da wayarin, da irin man da aka zuba, da kuma rashin sanin abin da gejin ke aunawa.

Ma'anar lambobin

Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone ƙurmus, yana buƙatar iska kilo 14.7. Shi ya sa 14.7 ce lambar da ake ɗauka a matsayin tsakiya. Lambar da ta gaza haka, kamar 12, tana nufin haɗin ya yi kauri, mai ya fi iska. Wadda ta haura, kamar 16, tana nufin haɗin ya tsinke, iska ta fi mai. Injiniyoyi sun fi son wani ma'auni da ake kira lamda, da harafin Girka λ: lamda 1.00 ita ce daidai wa daida, ƙasa da 1 kauri, sama da 1 tsinkewa.

Ba kowane lokaci ake son 14.7 ba. A tafiyar yau da kullum ana barin inji a lamda 1 domin matatar hayaƙi ta salansa, wadda makanikai ke ce wa katalis ko indomi, a nan take aiki. Amma idan aka take totur har ƙasa, injin da ba shi da turbo yakan fi ba da ƙarfi a wajajen 12.5 zuwa 13.2, mai turbo kuwa akan bar shi da kauri fiye da haka, wajajen 11.5 zuwa 12, domin rarar man tana sanyaya cikin silinda. A nan haɗarin yake. Injin turbo da gejinsa ke nuna 11.8 alhali gaskiyarsa 13 ce yana iya fara fashewar mai ba bisa ƙa'ida ba, ya ƙona balbul ko ya huda fistin, mai motar kuwa yana ganin komai lafiya.

Abu mafi muhimmanci shi ne gejin ba ya auna iskar da ta shiga, ba ya kuma auna man da aka fesa. Hayaƙi kawai yake shinshinawa. Yana gano lamda daga ragowar oksijin ko ragowar abin da bai ƙone ba, sannan ya ninka ta da 14.7 ya nuna a fuska. Lambar da ido ke gani fassara ce.

Tarihi

Kamfanin Bosch na ƙasar Jamus ne ya ƙirƙiro sensar oksijin ta mota, kuma ta fara fitowa a motocin Volvo a shekarar 1976 domin cika dokokin hayaƙi na Amurka. Tana aiki ne bisa ƙa'idar da masanin kimiyya Walther Nernst ya bayyana. Waccan sensar mai ƙaramin zango ce: tana ba da kusan 0.1V idan haɗin ya tsinke, kusan 0.9V idan ya yi kauri, kuma tana tsallakawa farat ɗaya a wajajen 0.45V. Tana iya cewa "ya yi yawa" ko "ya yi kaɗan", ba ta iya faɗin da nawa. Gejin da ake jonawa da irin wannan sensa, mai fitilu kore da ja suna kai da kawo, ado ne kawai ga mai saita inji.

Sensa mai faɗin zango ta shigo kasuwa a farkon shekarun 1990 daga kamfanin NTK na Japan, kuma Honda Civic VX ta 1992 na cikin motocin farko da suka ɗauke ta. Daga baya Bosch ya fitar da jerin LSU, waɗanda LSU 4.2 da LSU 4.9 suka fi yaɗuwa. Kamfanoni irin su AEM, Innovate Motorsports, PLX da Zeitronix suna ƙera akwatin sarrafawa da fuskar geji, amma sensar da ke ciki galibi ta Bosch ce ko ta NTK.

Yadda sensar ke aiki

A cikin sensar akwai wani siririn tangaran na sinadarin zirkoniya wanda aka shafa wa filatinam. Idan ya yi zafi sosai yakan bar oksijin ya ratsa ta cikinsa. An raba shi gida biyu, da ɗan ƙaramin ɗaki a tsakani wanda hayaƙi ke shiga ta wata ƙofa mai matsi. Gida na farko yana duba ko hayaƙin da ke ɗakin ya tsaya a lamda 1. Gida na biyu famfo ne: idan oksijin ya yi yawa a ɗakin sai ya fitar da shi, idan ya yi kaɗan sai ya shigo da shi. Akwatin sarrafawa yana lura da yawan lantarkin da famfon ya ci da kuma ɓangaren da ya nufa, daga nan yake lissafa lamda. A lamda 1 famfon kusan ba ya cin komai. A iska zalla LSU 4.9 takan ci kimanin miliamfa 2.5.

Wannan duka ya dogara ne da zafi tsayayye. LSU 4.2 tana aiki a kusan digiri 750 a ma'aunin Salshiyas, LSU 4.9 a kusan 780, kuma akwai hita a cikinta da akwatin ke kunnawa yana ragewa. Ingancin akwatin sarrafawa yawanci a nan yake bayyana, wajen iya riƙe zafin idan hayaƙi ya sauya daga sanyin silo zuwa zafin gudu. LSU 4.9 ta fi wadda ta gabace ta juriya saboda ba ta dogara da iskar waje a matsayin abin kwatance, da kanta take samar da nata oksijin da ɗan ƙaramin lantarki. Sensocin biyu soket ɗinsu daban ne, kuma ba a musanya su sai idan akwatin ya san dukkansu.

Daidaito a takarda

Bayanan Bosch game da sabuwar LSU 4.9 sun nuna cewa a lamda 0.80 kuskuren bai wuce 0.01 sama ko ƙasa ba. A lissafin fetur, wannan na nufin 11.8 na iya zama 11.6 ko 11.9. A lamda 1.7 kuskuren yakan kai 0.05. Sensar ta fi gaskiya a kusa da lamda 1, tana kuma ƙara kaucewa yayin da aka yi nisa da ita ta kowane gefe. Kowace sensa ana gwada ta a masana'anta, a saka mata rezista na musamman a cikin soket domin gyara ɗan bambancin da ke tsakaninta da 'yan uwanta. Mai wayarin da ya yanke soket ɗin ya haɗa wayoyi kai tsaye ya zubar da wannan gyara.

Saboda haka geji biyu masu lafiya a mota ɗaya suna iya saɓawa da 0.2 ko 0.3, kuma wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Lamba ta biyu bayan ɗigo da wasu gejin ke nunawa, kamar 11.83, ta fi ƙarfin abin da sensar ta sani.

Abubuwan da ke sa gejin ƙarya

Yoyon salansa shi ne na gaba. Hayaƙi ba ya tafiya a miƙe kamar ruwan famfo, bugu-bugu yake fita, kuma tsakanin bugu da bugu bututun yakan zuƙo iska daga waje. Tsagewa a manifol, ko gaskit da ya ƙone, ko walda mai ƙofa a gaban sensar, duk suna shigo da oksijin da bai taɓa shiga inji ba. Sai gejin ya nuna haɗin ya tsinke, makanike ya ƙara mai, motar ta koma shan fetur da baƙin hayaƙi. Alamar yoyo ita ce ƙaryar ta fi yawa a silo, tana raguwa idan aka ba da wuta. Haka abin yake idan an ɗaura sensar kusa da bakin salansa na baya.

Na biyu ya fi ruɗarwa. Idan filogi ya ƙi kawo wuta a silinda ɗaya, iskar da man duka sukan fita ba su ƙone ba, sensar ta ci karo da oksijin mai yawa, gejin ya yi tsalle zuwa gefen tsinkewa. Injin da mai ya yi wa yawa har ya jiƙa filogi yana iya nuna 17 ko 18. Wanda ya bi lambar ya ƙara mai, ya ƙara wa Borno dawaki.

Sensa ɗaya kuma matsakaicin dukkan silindoji take bayarwa. A inji mai silinda huɗu, idan uku suna lamda 0.83 amma nozul ɗin ta huɗu ya toshe tana 0.95, gejin zai nuna kusan 0.86, lamba mai kyau, alhali silinda ɗaya tana dahuwa. Babu gejin da zai gano wannan sai an duba filogi ɗaya bayan ɗaya ko an gwada nozul.

Matsin hayaƙi ma yana karkatar da awo. Idan matsi ya ƙaru, haɗi mai kauri yakan bayyana ya fi kauri, tsinkakke ya fi tsinkewa. Wannan ne ya sa a motar turbo ake ɗaura sensar bayan turbo, ba tsakaninsa da inji ba. Dole kuma ta kasance gaban katalis, domin katalis yana riƙe oksijin yana saki, yana ɓata awon. Masu ƙera gejin sukan ba da shawarar tazarar rabin mita zuwa mita ɗaya daga kan inji. In ta matso da yawa zafi ya fi ƙarfin hita, domin iyakar hayaƙin da LSU 4.9 ke jurewa a kai a kai shi ne kusan digiri 930.

Ruwa shi ke kashe sensa farat ɗaya. Kowace lita ta fetur da ta ƙone tana haifar da kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi, kuma da safe, musamman lokacin hunturu, tururin yakan zama ɗigo a cikin bututu mai sanyi. Idan aka murɗa makulli aka bar hita ta gasa tangaran ɗin kafin a tayar da inji, ɗigon farko da ya faɗa masa yana iya tsaga shi, kamar yadda ruwan sanyi ke fasa gilashin fitilar ƙwai. Don haka ake so a ɗaura sensar a saman bututu, kanta na kallon ƙasa da aƙalla digiri 10, a kuma yi wayarin yadda hita ba za ta kama ba sai inji ya tashi. Barin sensa a cikin salansa ba tare da wuta ba shi ma yana toshe ta da baƙin hayaƙi.

Akwai kuma guba mai ci a hankali: dalma, da silikon na gam ɗin da ake shafa wa gaskit, da ruwan lagireto mai sinadari idan gaskit ɗin kan inji ya ƙone, da baƙin mai idan inji yana cin sa. Sensar da ta sha guba ba ta cika mutuwa nan take ba. Takan yi nauyin amsawa, ta riƙa kaucewa kaɗan-kaɗan, kuma wannan ya fi mutuwar illa, domin fuskar gejin tana ci gaba da nuna lamba kamar da gaske.

Na ƙarshe wayarin ne. Geji da yawa suna aika awonsu zuwa ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira birenbos, ta waya mai ɗaukar 0V zuwa 5V. A tsarin da 0V ke nufin 10, 5V ke nufin 20, bambancin 0.1V kacal tsakanin inda aka ɗaure wayar nagetib ta geji da ta birenbos zai sauya lambar da 0.2. Sababbin gejin da ke aika lamba ta hanyar CAN sun tsira daga wannan.

Irin mai da iskar gas

Kowane mai yana da nasa ma'aunin. Etanol yana buƙatar iska kilo 9, metanol kimanin 6.4, iskar metan da ita ce mafi yawan abin da ke cikin CNG kimanin 17.2. Gejin da aka bari a lissafin fetur zai nuna 14.7 a duk lokacin da lamda ta zama 1, ko da wane irin mai ake ƙonawa.

Wannan ya zama abin lura a Najeriya tun bayan da shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnati ta kuma kafa shirin mayar da motoci masu amfani da CNG a wannan shekarar. Makaniken da ya ji cewa ma'aunin gas 17.2 ne, ya yi ta rage gas har gejin fetur ya nuna masa 17.2, ya kai injin lamda 1.17 ke nan. Sakamakon shi ne rashin ƙarfi da tari ta bututun shan iska. Mafita mai sauƙi ita ce a juya gejin ya riƙa nuna lamda, a manta da 14.7.

A watan Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA ta sanar da cewa an shigo da fetur mai metanol fiye da ƙa'ida, kamfanin NNPC ya ce daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam aka yi lodinsa, kuma janye shi daga kasuwa ya jawo dogayen layuka a gidajen mai. A irin wannan yanayi gejin gaskiya yake faɗa. A lissafi, fetur mai kashi 10 cikin 100 na metanol yana buƙatar iska kilo 13.9 ne kawai, don haka injin kafireta da aka saita a 14.7 zai koma nuna kusan 15.6. Motar da birenbos ɗinta ke gyara haɗi da kanta za ta ƙara fesa mai ta rufe giɓin, sai dai a ji shi a aljihu.

Abin da gejin ba ya gani sam shi ne oktan, wato juriyar mai ga fashewa kafin lokaci. Fetur da aka gauraya da kananzir zai nuna lamda kusan yadda take, amma injin yana ƙwanƙwasa. Dalma kuwa ta ragu a matsayin matsala, domin ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma tun farkon 2006, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Ta rage a man ƙananan jiragen sama da wasu man tsere.

A kudancin jihar Katsina

A ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa motocin tsere ba su ne abin hawa ba. Abin da ke kan hanya shi ne Golf da Sharan na haya, da Corolla, da Hilux, da babura. Amma fasahar tana nan a ɓoye, domin motocin Toyota da Honda da yawa na bayan shekarar 2000 suna zuwa da sensa mai faɗin zango tun daga masana'anta, a gaban katalis. Ta Toyota wayoyi huɗu gare ta, kamar tsohuwar sensa, shi ya sa ake rikita su. A kwamfutar duba mota takan tsaya a wajajen 3.3V idan haɗi ya yi daidai, ba ta kai da kawo. Wanda ya saba da tsohuwar yana iya ɗauka ta mutu, ya cire lafiyayya ya sa wadda ba irinta ba, fitilar inji ta kama, shan mai ya ƙaru. Lambobin matsala P0171 da P0172, masu nuna tsinkewa da kauri, su ma ba hukunci ne a kan sensa ba. Sau da yawa tiyo ne ya tsage, ko matatar iska ta cika da ƙurar hunturu, ko famfon mai ya gaji.

Yanayin yankin yana taɓa kusan duk raunin da aka lissafa. Hanyoyin karkara masu gargada suna tsaga salansa, walda a kan walda tana barin ƙofofi. Tsofaffin injuna suna cin baƙin mai. Kayan gyara daga Funtua, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano ake samo su, kuma sensar da aka ciro daga tsohuwar mota babu mai sanin kilomita nawa ta yi. Jabun sensa masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni kuma sun cika kasuwannin intanet na duniya.

Tushen man ma ba kullum yake tabbatacce ba. A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar tsaro da ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita gidajen man da za su yi aiki a ƙananan hukumomin da ke fama da 'yan bindiga, har da waɗannan uku, ta kuma rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. Duk inda mai ya yi wuya, direba yakan sha abin da ya samu, a gidan mai ko a hannun 'yan bumburutu. A irin waɗannan hanyoyi kuwa, mutuwar inji a tsakiyar daji ta wuce maganar kuɗin gyara.

Akwai kuma tudu. Yankin ya haura mita 500 daga saman teku, matsin iska ya gaza na Legas da kusan kashi 6 cikin 100. Kason oksijin a iska bai sauya ba, 20.9 ne cikin 100 a ko'ina, amma gejin da ake daidaitawa da iskar waje ya fi kyau a sake daidaita shi a inda motar ke aiki.

Gwaji da daidaitawa

Kayan Innovate sun yi fice da tsarin daidaitawa a iska: a kwance sensar daga salansa, a bar ta ta yi zafi, akwatin ya ɗauki abin da ta karanta a matsayin kashi 20.9. Wasu kamfanoni sun fi dogara da rezistan masana'anta. Daidaitawar ba ta da amfani idan an yi ta sensar tana cikin bututu, ko kusa da janareto mai aiki, ko a garejin da warin fetur ya cika. Tana kuma gwada gefen tsinkewa ne kawai, alhali gefen kauri shi ne inda injin turbo ke rayuwa.

Akwai gwaje-gwajen da ba sa buƙatar kayan aiki. A motar da birenbos ke gyara haɗi, idan inji ya yi zafi yana silo, gejin ya kamata ya riƙa yawo kusa da 14.7. Idan aka saki totur a cikin giya ana gangara, yawancin motocin nozul suna yanke mai gaba ɗaya, gejin ya kamata ya tafi ƙarshen tsinkewa nan da nan. In ya yi jinkiri ko ya tsaya a hanya, sensar ta tsufa. Da sensar a waje kuma, ɗan fesa mata gas ɗin laita ba tare da kunna wuta ba zai kai ta ƙarshen kauri, ta dawo idan gas ɗin ya watse.

Gwaji mafi ƙarfi shi ne kwatanta gejin da na'urar tantance hayaƙi mai auna gas huɗu ko biyar. Ita tana auna kabon dayoksaid, kabon monoksaid, oksijin da man da bai ƙone ba, ta lissafa lamda da tsarin da Johannes Brettschneider ya wallafa a 1979. Da yake tana ƙirga man da ya fita ɗanye, filogin da ya ƙi wuta ba ya ruɗa ta yadda yake ruɗa gejin waidban, ko da yake yoyon salansa yana ɓata awonta ita ma.